Babbar Rumfar Mushe Junaidu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Dogarawa zuwa Tungar Bagaruwa ya san Mushe Junaidu, in bai gan shi ba ya ji muryarsa. Mushe kuwa haka ake kiran malamin boko a can. Shi ne diraktan lakwal ɗin garin, wato shugaban makarantar boko, gajere mai tumbi, mai son babbar riga da jera biro a aljihu, ko da yake ba a cika ganinsa yana rubutu ba. Idan ya fara magana a teburin mai shayi, shayin kowa sai ya huce. Abu ɗaya ke cin ransa a duniya: a ɗauke shi daga ƙauyen nan a kai shi Birnin Konni, ya riƙe babbar lakwal mai ginin siminti, ya zauna a buro, wato ofis, mai fanka, 'yan kabu-kabu su riƙa gaishe shi da suna. Ya nemi canjin nan har ya gaji, shiru.

Sai ga shi an kira diraktoci formasiyo, wato horo, a Tawa, a kan yadda shugaba zai tafi da malamansa ta hanyar haɗin gwiwa. Abin da aka faɗa a can sai Allah, don waɗanda suka je tare da shi sun ce in ba ya gyangyaɗi to yana layin abinci. Amma abu guda ya shiga kunnensa ya zauna daram: bayan girbi insifekta mai duba makarantu zai zagaya, kuma diraktan da ya fi nuna haɗin gwiwa shi za a ba babbar lakwal ta Konni.

Yana sauka daga mota ya wuce gida, ko takalmi bai cire ba.

"Bushira, hwara ɗaurin kaya. Konni ta kira."

Matarsa ba ta ɗaga kai daga tsintar wake ba. "Bara ma ta kira, Malam. Munka ɗaure, munka kwance."

"Wanga karo daban na. Abin da ni koyo a Tawa, ko insifekta bai gama gane shi ba."

Don ya nuna mata da gaske yake, kafin mako ya zagayo ya tare wani direban kamiyon siminti da ke wucewa daga Malbaza, ya loda masa gadonsu na ƙarfe da katifa da kujeru, ya ce a sauke a gidan ƙanen Bushira a Konni. Suka koma kwana a tabarma. Ya ce mata na ɗan lokaci ne.

Malamai uku ke ƙarƙashinsa. Akwai Madam Zahara'u mai ajin ƙarshe, wadda bakinta ya fi almakashi. Akwai Mushe Tanimun, dogo, tsoho, wanda ya iya barci da ido ɗaya a buɗe. Sai Mushe Sufyan, ɗan kwantaragi, wanda duk takardunsa ta hannun direkta suke bi, saboda haka ko tari direkta ya yi sai ya ce gaskiya ne. Mushe Junaidu ya tara su a gindin bagaruwar lakwal, ya gyara murya.

"Daga yau babu direkta a lakwal ɗin ga. Mu duka diraktoci na."

Mushe Tanimun ya buɗe ɗaya idon. "Alhamdu lillahi. Ba ni makullin buro in ɗan kishingiɗa."

"Makulli daban, haɗin gwiwa daban."

"Babur ɗin lakwal hwa?" in ji Madam Zahara'u.

"Shi ma daban."

"To mi yar rage da za mu haɗa gwiwa a kai?"

"Aiki, Madam."

Nan ya kafa dokarsa: ba wanda zai ɗaga ko tsinke a lakwal sai an zauna an yi shawara. Yadda ake shawarar kuwa abin kallo ne. Zai yi ta zuba shi kaɗai har inuwa ta gudu ta bar su, sannan ya ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu, yana faɗa yana kallon Sufyan. Sufyan ya sunkuyar da kai. Tanimun ya riga ya yi nisa. Madam Zahara'u ta ɗaga hannu har sama, sai ya ce ƙuda take kora. Daga nan ya tafa ya ce an yarda baki ɗaya.

Abin ya fara da ƙarfen shiga aji, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a bagaruwa. Da can duk malamin da ya riga zuwa shi ke bugawa. Yanzu sai an zauna an tattauna wa zai buga, da me zai buga, kuma sau nawa. Yara su tsaya a rana su gaji, su sulale su tafi masussuka taya iyayensu aiki. Wata safiya wata uwa ta zo har gindin bagaruwa da taɓarya a hannu.

"Mushe, ɗiyana sun ce yau ma ba a buga ƙarhe ba."

"Muna shawara, Iya."

"Da ƙarhen kuka shawara? Ya ce bai son dukan?"

Madam Zahara'u ta toshe baki da mayafi. Mushe Junaidu ya ce jahilci ne ke damun garin nan, kuma shi ya sa zai bar musu shi.

Lakwal ɗin Tungar Bagaruwa, in ka cire buron direkta, ba ta da gini ko ɗaya. Kowace shekara bayan girbi iyaye ke yin gayya su kafa rumfuna huɗu da busasshen karan gero da zana, kowane aji da tasa, nesa da juna yadda muryar wani malami ba za ta shiga ta wani ba. Haka aka saba tun kafin a haifi Sufyan. Bana Mushe Junaidu ya ce ina, rarraba rumfa shi ne rarraba kai. Rumfa ɗaya za a yi, ƙatuwa, aji huɗu a ciki, malamai suna ganin juna suna koyarwa tare. Kuma ba ya son busasshen kara mai kama da talauci. Ɗakin taron Tawa rufinsa kore ne, don haka tasa ma koriya za ta zama. Gonar lakwal ta yi wake bana, ga harawa nan danƙare, da ita za a yi rufi. Bango kuwa ɗanyen karan dawa, da ganyensa.

Aka zauna. Madam Zahara'u ta kori ƙuda da hannu biyu. Aka yarda baki ɗaya.

Ranar gayya Sarkin Noma Hashimu ya tsaya ya dubi tulin harawar, ya dubi direkta.

"Mushe, ba a ruhi da harawa. Abincin bisashe ta."

"Sarkin Noma, ka taɓa zuwa Tawa formasiyo?"

"A'a. Akuyata ma ba ta je ba, amma ta san harawa."

"To ka bar aikin ilimi ga masu shi. Kai dai kahwa itace."

Sarkin Noma ya ce to. Ba a taɓa gayyar da ta cika kamar wannan ba. Har waɗanda ba su da ɗa a lakwal sun zo da igiyoyinsu, don kowa yana son ya ce da hannunsa a ciki ranar da za a yi dariya. Rumfa ta tashi, koriya shar, ana hango ta tun daga hanyar mota. Gaskiya ta yi kyau, wannan kam ba za a hana shi ba.

A tsakiyarta, jikin babban ginshiƙi, ya sa aka ɗaura masa wani gado na itace mai tsawo irin na masu korar tsuntsaye a gona, da tsani, da kujera a kai. Ya rataya usur a wuya ya hau.

"Kai kac ce shugaba tsakiyar mutane yaka zama," in ji Madam Zahara'u.

"Ga ni tsakiya."

"Kana bisa."

"Tsakiya ta bisa, Madam. Koma ga ajinki."

Aka fara karatu. A kusurwar gabas 'yan ƙananan Sufyan suna rera baƙaƙe da iyakar ƙarfinsu. A yamma na Tanimun suna haddar lissafi, shi kuma yana jingine da kara yana gyaɗa kai cikin barci. A kudu Madam Zahara'u tana yi wa masu jiran jarrabawa shifta, sai ta karɓi alluna ta tarar rabin ajin sun rubuta biyu sau biyu huɗu a tsakiyar labarin manomi da jakinsa. Aji na huɗu, wanda na direkta ne, ya ce ya zama na kowa, don haka ya zama ba na kowa ba. Yaransa suka buɗe kasuwar gyaɗa a kusurwar arewa. Shi kuwa yana sama yana busa usur, kuma duk lokacin da ya busa, aji huɗu su miƙe tsaye gaba ɗaya don ba wanda ya san da wa ake.

Mutanen gari suka mai da wurin gidan kallo. Tsofaffi su kawo tabarma bayan hantsi su zauna a waje suna leƙe. Mushe Junaidu ya ce wa Sufyan, ka gani, har iyaye sun shiga haɗin gwiwa. Sufyan ya ce gaskiya ne.

Awaki su ma ba a bar su a baya ba. Wata rana wata jar akuya ta zuro kai ta bangon kudu tana zarar ganyen dawa, dab da allon Madam Zahara'u. Madam ta cire takalmi ta maka mata a goshi. Sai usur ya tashi. Mushe Junaidu ya sauko tsani da baya-baya, yana haki, ya tsaya a gabanta a gaban yara.

"Wa yab ba ki izini? Wanga shi na aikin kai-ɗai da anka hana mu a Tawa."

"Akuya na cin bango, Mushe."

"Ko raƙumi ka cin bango, sai an zauna."

Ran Madam Zahara'u ya ɓaci ƙwarai, don ba ta saba a yi mata faɗa a gaban ɗalibanta ba. Amma sai ta mai da takalminta a hankali, ta yi wani murmushi da ya kamata ya tsorata mai hankali.

"Don Allah maimaita, Mushe, kowa shi ji."

Ya maimaita, da ƙarfi, yana juyawa kusurwa huɗu. Mushe Tanimun ya farka ya ce ya ji, ya shaida, ya koma barci.

Da insifekta ya kira a waya ya ce a zaɓi ranar da ta dace, Mushe Junaidu ya zaɓi ranar da mai shela ya riga ya sanar za a saki gonaki. A ƙasarmu kowa ya san ranar nan. Duk damina makiyaya na tsare da dabbobinsu nesa da shuka, sai an kwashe amfanin gona hukuma ta sa rana, a buɗe musu su shiga su ci abin da ya rage. Dabbobi kan zo da yunwar watanni. Lakwal ɗin kuwa a bakin burtali take. Shi abin da ya hango, ranar manoma ba su da aiki, za a samu 'yan kallo. Sufyan ya buɗe baki zai yi magana, direkta ya dube shi, sai ya ce gaskiya rana ce mai kyau.

Ranar ta zo. Gari ya fito kaf, har da Bushira a cikin mata. Mushe Junaidu ya sha babbar riga mai sitaci da hula sabuwa. Insifekta ya sauko daga mota, wani siriri marar yawan magana, ya zagaya rumfar, ya shafa bango, ya shinshina hannunsa.

"Wa yak kawo wagga shawara?"

Ko yaro ya san amsar da ake so a ranar duba haɗin gwiwa. Amma Mushe Junaidu ya ga taro, ya ga ido a kansa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ranka shi daɗe, daga kaina tah hito, ni ɗai. Waɗanga ko mahwalkinta ba su taɓa yi ba."

Insifekta ya dubi malaman. Madam Zahara'u ta ce ƙwarai, su shaida ne. Mushe Junaidu ya ji daɗi, ya tattare riga ya hau tsani don ya nuna yadda ake jagoranci. Ya gayyaci insifekta ya hau, insifekta ya ce daga ƙasa ma yana gani.

Ya busa usur, aji huɗu suka miƙe. Yana cikin bayanin yadda wannan tsari zai bazu daga nan har Illela, sai aka fara jin kukan shanu daga arewa. Garke ya gangaro burtali, shanun Fulani a gaba, tumaki a tsakiya, raƙuman wani makiyayi mai suna Almoustapha a baya. Gonakin bakin gari duk an share su, ba komai sai kututture. A faɗin wurin nan abu ɗaya ne kore, kuma dabba ba ta bukatar a nuna mata.

Tumaki suka fara da bangon arewa. Shanu suka kama na gabas. Haske ya fara shigowa ta inda ba a yi taga ba. Yara suka fashe da dariya suka yi waje, Madam Zahara'u ta tsaya a ƙofa tana tura ƙanana har ta ga ba saura ko ɗaya, sannan ta fita ta tsaya a inuwar bagaruwa. Insifekta ya bi bayanta.

Mushe Junaidu yana ta busa usur sai ya ji rufi na motsi a kansa. Ya ɗaga ido, ya yi ido huɗu da raƙumi. Raƙumin ya zuro dogon wuyansa ta cikin harawa, yana tauna a natse, ya dubi direkta kamar shi ne baƙon. Ya sake kai baki, ya haɗa da sabuwar hula.

"Ku kore su! Tanimun, Sufyan, ku ɗauko sanda."

Mushe Tanimun, wanda ba a taɓa ganin idonsa biyu a buɗe ba sai ranar, ya shimfiɗa tabarma a gindin bagaruwa ya zauna.

"Sai an zauna, Mushe. Kai kac ce ko raƙumi na. Ga raƙumin ya zo."

Sufyan ya riga ya ɗauki kara zai ruga. Madam Zahara'u ta dube shi sau ɗaya, ya ajiye karan ya zauna a bakin tabarma.

"An buɗe taro," in ji Tanimun. "Wa ka korar raƙumi, da mi za a kore shi, kuma sau nawa?"

"Ba mu cika ba," in ji Madam. "Direkta bai sauko ba."

"Ku yanke ba ni," in ji Mushe Junaidu daga sama. "Na ba ku izini."

"Babu direkta a lakwal ɗin ga, Mushe. Wa ka ba da izini?" in ji Madam.

Ya juya zai sauko ya tarar wani bijimi ya samu tsanin yana susar wuya da shi, har ya kwantar da shi ƙasa. Mutanen gari kuwa ba wanda ya motsa. Sarkin Noma Hashimu ya ce shi an hana shi shiga aikin ilimi. Tsofaffi suna share hawaye, wata tsohuwa har ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki.

Sai ga Almoustapha ya iso da gudu, rawani na warwarewa, ya tsaya ya ga abin da raƙumansa ke yi. Ya ɗaga hannu biyu sama wajen direkta.

"Allah shi saka da alheri, Mushe. Ko'ina munka bi ba a taɓa tara muna harawa haka ba. Har da inuwa."

Kafin ya gane kuskurensa ya fara kora, aiki ya riga ya ƙare. Shanu sun cinye abin da ke riƙe da itatuwan gefe, nauyin duka ya koma kan ginshiƙin tsakiya. Ginshiƙin ya fara karkata a hankali, Mushe Junaidu ya rungume shi da hannu da ƙafa, usur a baki, yana busawa ba da niyya ba duk lokacin da ya ja numfashi. Kujera ta riga shi sauka. Shi kuma ya biyo ta, ya faɗa cikin sauran harawa, ba abin da ya same shi sai kunya. Ya tashi zaune, ba hula, riga ta yage har cibiya, wata tunkiya tana tsintar ganye a kafaɗarsa.

Insifekta ya matso ya tsaya a kansa.

"Mushe Junaidu, wa kac ce ya kawo wagga shawara?"

"Ta kowa ta, ranka shi daɗe. Tare munka zauna, baki ɗai munka yarda."

"Ɗazu kac ce kai ɗai."

"Ɗazu rumhwar tana tsaye, ranka shi daɗe."

Dariyar da aka yi, an ce har masu jiran mota a bakin hanya sun ji ta. Insifekta shi kaɗai bai yi ba. Ya jira aka lafa, ya dubi yaran da ke tsaye a rana ba aji, ya dubi malaman a tabarma, sannan ya dawo kan direkta.

"Na ga haɗin gwiwa yau. Malamanka sun bi dokarka har ƙarshe, ba wanda yak karya ta. Irin wanga shugaba ba a raba shi da mutanensa. Kana nan. In na dawo ina son in iske rumhwa huɗu da yara a ciki, kuma ajinka kai ka koyar da shi."

Ya shiga mota ya tafi. Babbar lakwal ta Konni aka ba wani.

Rumfunan huɗu sun tashi, da busasshen karan gero, nesa da juna. Sai dai wannan karon gari ya ce ya riga ya yi gayyarsa ta bana, don haka an ga Mushe Junaidu da ɗaurin kara a ka yana kai da komo, Sufyan na bin sa da igiya, Tanimun na kishingiɗe a buro don a cikin hayaniyar ranar makulli ya faɗo hannunsa. Ƙarfe kuwa duk wanda ya riga zuwa ya buga.

Bushira ta aika Konni a dawo da kaya. Ƙanenta ya aiko cewa kamiyon siminti daga Malbaza yake zuwa da kaya, ba ya komawa da gado, kuma shi ya riga ya saba da katifar. Har yau Mushe Junaidu a tabarma yake kwana. Idan baƙo ya tambayi mutanen Tungar Bagaruwa ko diraktansu ya samu canjin da yake nema, sai su ce shi dai yana nan, amma gadonsa ya samu, yana Konni a ƙarƙashin fanka.